Yadda na koyi bin saiwar sankarar fata da madubin likita a Jos

Mutum na farko da na yi wa tiyatar sankarar fata irin wadda ake yanka kaɗan-kaɗan ana duba gefen abin da aka ciro a madubin likita, wani zabiya ne manomin dankalin Turawa daga wajen Bokkos. Ya zo da gyambo a gefen hanci wanda faɗinsa bai kai farcen babban yatsa ba, ya shekara yana ɓawo yana sake fashewa, kuma an taɓa yanke masa shi a wani wuri amma ya sake tsirowa a kan tabon. Gwajin tsoka ya nuna sankarar da muke kira sikwamos, wadda ta fi kowace addabar zabiya a ƙasar nan. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200, sanyin iskarsa kuwa yakan ruɗi mutum ya wuni a gona ba hula, rana tana cin fatarsa shi bai ji zafinta ba.

Abin da aka koya mana tun farko shi ne a yanke ciwon tare da lafiyayyar fata milimita 4 zuwa 6 a kewayensa, a ɗinke, a aika ɗakin gwaji. A can ana yanyanka tsokar ne kamar burodi a duba wasu yanka, saboda haka abin da ido ke gani daga ainihin gefen ɗan ƙanƙani ne, saiwar ciwon tana iya sulalewa ta tsakanin yanka biyu ba a ankara ba. Dabarar da Frederic Mohs ya ƙirƙiro a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka cikin shekarun 1930 ta toshe wannan kafa, domin ana shimfiɗa tsokar ne yadda za a ga gefenta da ƙasanta gaba ɗaya, sannan a koma a ƙara yanka a inda saiwar ta rage kawai. Shi da wani man shafawa mai sinadarin zink ya fara, yana busar da tsokar a jikin majinyaci, aikin ya ɗauki kwanaki ga azabar zafi. Daga shekarun 1970 aka karkata ga daskarar da ɗanyar tsoka a na'ura, har aikin ya koma na wuni ɗaya.

Sakamakon da ya fi jan hankalina na wani bincike ne da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2014, kan wata irin sankarar fata ta fuska da ake kira besal. Bayan shekara 10, ciwon ya dawo wa kashi 4.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan dabara, cikin waɗanda aka yi wa yankan da aka saba kuma kashi 12.2. Sai dai wannan lissafi na Turawa ne kuma na besal, mai tafiyar hawainiya, don haka ba na ɗauko shi in yi wa zabiya mai sikwamos alkawari da shi.

Na'urar daskarewa tana bukatar sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri da wutar da ba ta yankewa, mu kuwa ba mu da tabbacin wannan. Sai muka bi hanyar da likitocin Tubingen a Jamus suka yi suna a kanta: a sa tsokar a fomalin, ruwan maganin da ke hana ta ruɓewa, a zuba ta a kaki, a jira kwana biyu ko uku, raunin yana buɗe a ƙarƙashin bandeji. Na yi masa allurar kashe zafi, na yanko ciwon da milimita 3 a kewaye, na zana taswirar hancin a takarda kamar fuskar agogo, na shafa wa gefen sama jan tawada, na ƙasa kuma shuɗiya.

A nan na yi kuskure, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Ban bari tawadar ta bushe ba na jefa tsokar a kwalba, launukan suka cakuɗe. Da likitan binciken tsoka ya kira ni, muka ga saiwar ƙuru-ƙuru a gefe guda, amma babu mai iya rantsewa ko wajen ido take ko wajen leɓe. Dole na sake yanko zobe cikakke a inda ɗan yanki zai wadatar, a wurin da kowace milimita take da daraja. Tun daga ranar nake tsane tsoka da auduga, in sa tawada, in ɗiga ruwan khal don ta kama, sannan in ɗaura zare a ƙarfe 12 ko da launi zai ci amanata.

Abu na biyu da ban shirya masa ba shi ne zuciyar majinyacin. Da na ce zan sake yanka, sai yayansa da ya rako shi ya ja ni gefe ya ce, "Likita, ka gaya mana gaskiya, aikin ne ya ɓaci?" Na ce, "Malam, in kana cire ciyawa a gona ka bar saiwa, me kake samu da damina?" Ya yi shiru, ya gyaɗa kai. Da tun kafin in ɗauki wuƙa na yi musu wannan bayani, da ba su kwana uku cikin zullumi ba. Yanzu ba na fara aikin sai na faɗa wa mutum da danginsa cewa za a iya komawa sau biyu ko uku, su kuma tanadi wurin kwana a gari da kuɗin gwaji na kowane zagaye.

Ba kowane ciwo nake bi wa wannan doguwar hanya ba. Na ware ta ga hanci da fatar ido da leɓe da kunne, da ciwon da ya dawo bayan tiyata. Na gadon baya ko na hannu yanka mai faɗi ya ishe shi, wanda ya ci ƙashi kuma maganarsa ta wuce nan, sai babbar tiyata da gasa ciwon da hasken na'ura.

Zagaye na biyu ya fito fes, na rufe raunin da fatar da na juyo daga kumatunsa. Yana zuwa duk wata uku da malafa a kansa, tabon ya kwanta. A zuwansa na baya na lalubo wani kaushi a bayan kunnensa na hagu, na ɗauki ɗan yanki na aika gwaji, na ce ya dawo ran Talata.