Maɓallan Rigar Tsohon Mai Haƙar Kwal

Ranar da na gaya wa Inna irin aikin da na samu a Ingila, shiru ta yi a waya har na zaci layin ya katse. Can sai ta ce, "Wato su can tara iyayensu suke yi a gida ɗaya, su ɗauko 'ya'yan wasu su riƙa kula musu da su? Allah Ya kyauta." Ban yi mata musu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Da wannan tunanin na hau jirgi a 2022, shekarar da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, mu 'yan Najeriya da yawa muka bi ta cikinta.

Gidan da nake aiki yana wani gari ne a kudancin Yorkshire, yankin da a da ake haƙar kwal. Kowane tsoho da ɗakinsa da banɗakinsa, kuma ana barin mutum ya zo da kujerarsa ta gida da hotunan iyalinsa da agogon bangonsa. Akwai falo biyu, ɗakin cin abinci, ɗan ɗakin gyaran gashi, sai lambu a baya. Aikin yini daga ƙarfe takwas na safe ne zuwa takwas na dare. Kafin mu taɓa komai sai 'yan aikin dare sun zaunar da mu sun miƙa mana rahoto: wane bai yi barci ba, wance ta ƙi shan magani, wane ya yi tuntuɓe a hanyar banɗaki. Daga nan sai tashin mutane, wanka, sa kaya, karin kumallo. Shayi kuwa ba a magana, ana zagawa da shi da hantsi, a sake zagawa da la'asar, da biskit a gefe.

Abin da ya fara ɗaure mini harshe shi ne suna. An ce kowa a kira shi da sunansa na yanka. Ni da na tashi a gidan da ko sunan ɗan fari uwa ba ta faɗa, yaya zan buɗe baki in kira sunan tsohuwa 'yar shekara 91 gatsau? Sai na ce mata Mama. Ta dube ni ta saman tabarau, ba tare da faɗa ba, ta ce, "Ni ba mamarki ba ce, yarinya. Ina da suna, kuma ina son in riƙa jin sa." Daga baya na gane abin da take nufi. Mijinta ya rasu, ƙawayenta sun ƙare, gidanta an sayar. Waɗanda suka san ta da wannan sunan tun tana budurwa duk sun tafi. In mu ma muka ƙi faɗinsa, wa ya rage ya faɗa? Abu guda dai da na zo da shi daga gida ya yi daidai da nasu: a horo an ce kada ka tsaya tsaye a kan mutumin da ke zaune, ka duƙa ku daidaita ido. Wannan tun ina ƙarama Inna ta koya mini shi.

Babban darasin kuma a wurin wani tsoho na same shi, wanda shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa hannun dama. Rigarsa mai maɓallai shida ce, kuma kullum irinta yake sawa. Da safen nan ina da mutane da yawa da ke jira, ƙararrawar wani ɗaki tana ta ƙara. Na ga yana ta fama da maɓalli na farko, hannun hagu yana rawa, sai tausayi ya kama ni. Na durƙusa na ɓalla masa dukkansu cikin 'yan daƙiƙu, ina ganin ladabi na yi. Bai ce uffan ba. Ya kau da kai ya zuba wa taga ido, ranar ko burodinsa bai ƙarasa ba.

Wata abokiyar aikina da ta shekara ashirin tana wannan sana'a ta ga abin da ya faru. Da muka fita baranda ta ce, "Minti nawa kika samu da kika ɓalla masa?" Na ce kamar biyar. Ta ce, "To shi kuma wata huɗu ya yi da masu gashin ƙashi kafin hannun nan ya iya kama maɓalli. Aikin da ya rage masa ke nan a duniya, kin karɓe."

Washegari na tsaya na harɗe hannuwana a baya. Wallahi tsayuwar nan ta fi mini ɗaga mutum wuya. Ya ɗauki kusan minti goma. Ya sa na uku a ramin na huɗu, ya lura da kansa, ya kwance, ya sake. Ina kallon jijiyoyin bayan hannunsa, da wasu shuɗɗan tabo ƙanana, waɗanda ya ce ƙurar kwal ce ta shiga rauni fata ta rufe a kanta. Da ya gama na ƙarshe ya shafa ƙirjinsa, ya ɗago ya ce, "Yanzu a kawo shayi." A kan wannan shayin ya ba ni labarin yadda ya shiga aikin kwal yana ɗan shekara 15, da yajin aikin 1984 zuwa 1985, lokacin mulkin Firaminista Margaret Thatcher, da suka yi kusan shekara guda babu albashi, matansu suna dafa abinci a tukunya ɗaya suna ciyar da unguwa. Ya ce ranar da aka rufe Kellingley a 2015, mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar, kuka ya yi a gaban talabijin. Duk wannan labarin da ban ji shi ba in da na ci gaba da ɓalla masa riga.

Mu a gida, girmama babba shi ne ka karɓe masa komai. "Baba, kawo in riƙe maka." "Inna, zauna ki huta, ai kin yi naki." Ƙauna ce, ba na shakkar wannan ko kaɗan. Amma a gidan nan na ga da idona cewa hannun da aka daina ba aiki yakan sandare da wuri, kuma zuciyar mai shi takan bi bayansa.

Shi ya sa na sauya ra'ayi a kan allon da ke bangon falo, inda ake rubuta abin da za a yi kowace rana. Akwai ma'aikaciya guda da aikinta ke nan, shirya wa mazauna gidan abin yi. Litinin motsa jiki a zaune, ana buga balan-balan daga wannan kujera zuwa waccan. Talata wasan lambobi da suke kira bingo, ba a zuba kuɗi, wanda ya ci a ba shi cakulan ko sabulu mai ƙamshi. Alhamis mai gyaran gashi take zuwa. Juma'a kifi da soyayyen dankali, wannan ba ya tashi. Da farko kunya nake ji in ga dattijai masu jikoki suna buga balan-balan, ina cewa a raina an mai da su yara. Sai da na lura cewa ɗaga hannun da tsohuwa ke yi ta bugi balan-balan, shi ne ɗaga hannun da take buƙata ta taje kanta. Sannan kwanaki suna samun suna. Tsoho a Zariya salloli biyar ne ke raba masa yini, Juma'a ta raba masa mako, ga suna, ga ɗaurin aure, ga jana'iza, ga masu shigowa gaisuwa. Tsohon da ke ɗaki ɗaya a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, in babu allon nan, Litinin da Asabar duk ɗaya ne a wurinsa.

Wani lokaci ana kawo yaran makarantar rainon da ke kusa su yi zane tare da tsofaffin. Ana kuma kawo kare mai horo a zagaya da shi. Ni dai nesa nake tsayawa da shi, sun kuma san dalilina, ba wanda ya taɓa matsa mini. Amma daga nesan na ga wani tsoho da ya yi makonni bai ce wa kowa ƙala ba ya dafa kan karen yana yi masa magana, jimla bayan jimla. Kafin 11 ga Nuwamba kuwa, ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, matan sukan yi makonni suna saƙa jajayen furanni da ulu. Ƙarfe 11 na bugawa gidan yake yin tsit na minti biyu, har masu ciwon mantuwa, kamar jikinsu ya riƙe abin da kansu ya saki.

Akwai wata doka tasu ta 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara, wadda aka nanata mana a horo. Ta ce a ɗauki kowane baligi a matsayin mai hankalin kansa sai an tabbatar da akasin haka, kuma don mutum ya zaɓi abin da kai kake ganin kuskure ne, wannan bai sa ya zama marar hankali ba. Wata tsohuwa mai ciwon suga tana son kek da la'asar. An yi mata bayani, ta fahimta, ta ce tana so. Ana ba ta, a rubuta, nas ta riƙa duba jininta. Har yau wannan yakan tsaya mini a rai, don da Inna ce ɓoye kek ɗin zan yi. Sai dai na daina ganin cewa nawa ne kaɗai kulawa.

Inda na fi shan wuya shi ne ɓangaren masu ciwon mantuwa, abin da a gida muke haɗawa duka mu ce gigin tsufa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da ita a Birtaniya. Da yamma ta yi, rana ta sunkuya, da yawansu sukan rikice. Wata tsohuwa takan ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar ina mijinta, ya kamata a ce ya dawo daga aiki. Mijin ya shekara goma sha da rasuwa. Karo na farko da ta tambaye ni, na riƙe hannunta na gaya mata gaskiya a hankali, don ba na son in yi wa babba ƙarya. Ta fasa wani irin kuka, irin na wadda yanzu aka aiko mata da saƙon mutuwa, domin a wurinta yanzun ne. Bayan awa guda ta manta abin da na faɗa, amma baƙin cikin bai bar fuskarta ba har dare. Na daɗe ban yafe wa kaina wannan yammar ba.

Yanzu in ta tambaya nakan ce, "Kina kewarsa ko? Zo ki ba ni labarin inda kuka haɗu." Ban yi ƙarya ba, ban kuma sake kashe mata shi ba. Mu zauna, in ajiye kwandon tawul tsakaninmu, tana ba ni labarin wani gidan rawa da wata shuɗiyar riga, hannuwanta suna ninke tawul ɗaya bayan ɗaya, gefe da gefe daidai, ninkin macen da ta yi rainon 'ya'ya huɗu. Kafin kwandon ya ƙare ta ajiye jakar.

Batun 'ya'yansu kuwa, gani ya kori ji. Akwai waɗanda ba a zuwa dubawa, gaskiya ne, har lokacin Kirsimeti mu ma'aikata ne ke haɗa musu 'yar kyauta don kada a buɗe ta kowa su suna kallo. Wannan yana ci mini rai. Amma akwai dattijo ɗan shekara 88 da ke shigo bas kullum kafin azahar ya ba matarsa abinci a baki, ita kuwa ta daina gane shi. Akwai wata da ta yi shekara shida tana jinyar uwarta ita kaɗai, ba dangi kusa, ba maƙwabta masu leƙowa, har bayanta ya lalace, ranar da ta kawo ta tana kuka tana ba mu haƙuri kamar ta yi laifi. Kuma ba arha ba ne. A gidaje da yawa kuɗin mako ɗaya ya haura fam 1,000, kuma a Ingila wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, shi ya sa mutane da yawa sai an sayar da gidan da suka yi rayuwarsu a ciki. Har gobe ba na yi wa Inna fatan irin wannan gida. Ina son ta tsufa cikin hayaniyar jikokinta, tana jin kiran salla daga masallacin unguwa. Sai dai bakina ya mutu a kan zagin mutanen da ban san nauyin da suka ɗauka ba.

Inna ta shekara talatin tana koko da ƙosai a ƙofar gida. Da muka fara samu, mu 'ya'yanta muka taru muka hana ta. Muka ɗauko mai aiki, muka saya mata katifa mai laushi da talabijin, muka ce ta huta. Muna alfahari da haka. Tun daga lokacin, duk sanda na kira na tambayi ƙanwata ina Inna, amsar ɗaya ce: tana ɗaki, tana kwance. Hirarta ta ragu, ta koma "lafiya lau" da "Allah Ya yi albarka."

Wata Lahadi bayan na tashi daga aiki na kira ƙanwata na ce, "Don Allah gobe in an sayo zogale, ku kai wa Inna ta tsinke. Waken ƙosai ma ku bar mata ta gyara."

Ta ce, "Haba Yaya, mutane su shigo su ga Inna da faifai a gaba, ga mu zaune? Me za a ce da mu?"

Na ce ta gwada mako ɗaya kawai, in an yi magana ta ce ni na sa.

Da na kira ranar Juma'a, ba a ɗaki na same ta ba. Tana tsakar gida, ina jin ƙarar wake a faifai, ta ce in dakata tukuna, ta juya tana yi wa jikarta faɗa cewa ta cika wa ƙullun ruwa, ƙosai ba ya tashi a haka, ta kawo ludayin ta nuna mata.