Gaɓoɓin da halin kirki yake karyewa a wurin aiki

Da wuya a samu ma'aikaci ko ɗalibin da ya wayi gari da niyyar cin amana ko saɓa alkawari. Yawancin waɗanda abokan aiki suka daina dogara da su ba mugaye ba ne, kuma idan ka tambaye su za su gaya maka da zuciya ɗaya cewa su masu gaskiya ne. Abin da ake lura da shi bayan an daɗe ana aiki da mutane shi ne kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe hali. Cika alkawari da riƙon amana da gaskiya da haƙuri, kowannensu yana da gaɓar da ya saba karyewa. Gaɓoɓin nan sanannu ne, ana kuma iya yi musu shiri tun kafin a iso su.

A fara da alkawari, domin shi ya fi saurin zubar da mutunci. Galibi tun ranar ɗaukarsa ake saɓa shi, ranar cikawa dai asiri ne kawai yake tonuwa. Shugaba ya tsaya a kanka ya ce, "Za ka iya gama min rahoton nan kafin Alhamis?" Ga ayyuka uku a gabanka, amma ka ji nauyin cewa a'a, sai ka ce, "Ba damuwa, yallaɓai." A wannan daƙiƙar aka yi ɓarnar. Kunya ce ta amsa, ba lissafi ba.

Ko da an yi lissafin ma, ɗan Adam yana da rauni wajen ƙiyasta lokaci. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan rauni tun 1979. A 1994 Roger Buehler da abokan bincikensa a Kanada suka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su kammala kundin bincikensu. A matsakaici suka ce kwana 34. Aka ce to, idan komai ya dagule fa? Suka ce kwana 49. Da aka bi diddigi, sai da suka kwashe kusan kwana 56. Wato har mummunan zaton da suka yi bai kai gaskiyar abin da ya faru ba. Dalili kuwa, mai ƙiyasi yana kallon aikin ne kamar shi kaɗai zai yi a duniya. Ba ya sa rashin lafiya, da taron gaggawa, da jiran sa hannun wani, da kwamfutar da za ta ƙi tashi a cikin lissafi.

Maganin yana da sauƙin faɗa. Kada a ɗauki alkawari a tsaye. "Bari in duba abin da ke gabana, zan ba ka amsa kafin a tashi" ba rashin ladabi ba ne, muddin an dawo da amsar. Sannan maimakon tambayar kai kwana nawa aikin zai ci, a tambayi kai kwana nawa irinsa ya ci a karon baya, a ɗora a kan wannan. Duk alkawarin da aka ɗauka ya fito da abu uku a fili: ainihin abin da za a kawo, rana da lokaci, da wanda za a danƙa wa. "Zan duba" da "nan ba da jimawa ba" ba su cika wannan sharaɗi ba, shi ya sa suke haifar da rigima, kowa da abin da ya fahimta. A rubuta shi a wuri guda, littafi ɗaya ko waya ɗaya. Wanda yake rubuta wani a takarda, wani a waya, wani ya bar shi a ka, na kan ne zai ɓace.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne dubawa a tsakiyar wa'adi. Idan kwana shida aka ba ka, a rana ta uku ka zauna ka ga ko rabin aikin ya kammala. Idan bai kammala ba, ranar za ka sanar, kada ka jira daren ƙarshe. Jinkirin da aka sanar da wuri, mai aikin yana da damar sake shiri ko nemo wani. Wanda aka sanar ranar karɓa kuwa ya riga ya zama asara. Saƙon ba ya bukatar dogon ban haƙuri: ga abin da na gama, ga abin da ya rage, ga sabuwar ranar da zan kawo. Wannan sabuwar ranar ita ce ba a saɓawa, domin daga ta biyu mutane suke fara cire ka daga lissafinsu, ba tare da sun gaya maka ba.

Amana kuma, da an ambace ta hankali yake tafiya kan kuɗi. Amma a wurin aiki inda ta fi yawan salwanta shi ne lokacin miƙa aiki daga hannu zuwa hannu: mai tafiya hutu, wanda aka yi wa canjin wurin aiki, masu aikin rana da za su bar wa na dare. Abin da ka sani wanda na bayanka bai sani ba amana ce a wuyanka har sai ka tabbata ya shiga kunnensa.

Abin da ya faru a Piper Alpha, dandalin haƙo mai a tekun da ke arewa maso gabashin Birtaniya, ya isa misali. Ranar 6 ga Yuli, 1988, masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya, wato na'urar da ke rage matsi idan ya yi yawa, na ɗaya daga cikin famfuna biyu domin gyara, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi, ba a ɗaure shi tamau ba. Gyaran bai kammala ba har lokacin tashi ya yi. An cike takarda cewa kada a kunna famfon, amma takardar bawul ɗin tana ajiye a wani wuri daban da ta famfon, kuma maganar ba ta isa ga masu aikin dare baki da baki ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya. Masu aikin dare suka duba, ba su ga abin da zai hana ba, suka kunna wanda aka cire wa bawul. Gas ya tsiyayo, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasu. Binciken da aka yi ya gano kurakurai da yawa a tsarin kamfanin, amma zaren ya fara warwarewa ne daga wata magana da ba ta isa inda ya kamata ba.

Darasin da ke ciki shi ne rubutu kaɗai bai sauke nauyi ba, baki kaɗai ma haka. Ana haɗa su. Takardar miƙa aiki ta fara da abin da zai iya cutarwa idan ba a sani ba, sannan abin da aka fara ba a gama ba, sannan abin da ake jira daga wani da sunan wanda ake jira, sannan abin da za a yi idan kaza ya faru. Bayan haka a zauna da mai karɓa, a bar shi ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Nan ne ake kama giɓi, domin "ka gane?" kowa "e" yake amsawa. A 2014 an wallafa sakamakon gwajin irin wannan tsari a asibitocin yara tara na Amurka da Kanada. Kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, cutarwar da za a iya kauce wa ta ragu da kashi 30, kuma lokacin da likitoci suke ɗauka wajen miƙa majiyyaci bai ƙaru a zo a gani ba.

Ta ɓangaren kuɗi, cin amana kusan kullum da sunan aro yake farawa. Mai riƙe da kuɗin ofis ko na ƙungiya ya shiga matsi, ya ce bari ya taɓa kaɗan, albashi na shigowa zai mayar. Sau da yawa yakan mayar a karon farko, wannan ne ma yake ba shi ƙwarin gwiwar na biyu. Kariyar ita ce kada kuɗin amana su taɓa kwana a aljihu ɗaya ko asusu ɗaya da naka, a rubuta shiga da fita a ranar da suka faru, a ajiye rasit, kuma kai da kanka ka nemi wani ya riƙa ƙirgawa tare da kai a ƙayyadadden lokaci. Wasu suna jin haushi idan aka ce a rubuta, wai ba a yarda da su ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi su kafa shaidu. Rubutun yana kare mai gaskiya daga mantuwarsa da kuma zargin wasu.

Gaskiya tana fuskantar jarrabawarta mafi tsanani ne a sa'ar farko bayan mutum ya gano ya yi kuskure. Ya tura takarda ga wanda bai kamata ba, ko ya sa lamba ba daidai ba a lissafin da aka riga aka miƙa. Zuciya za ta ce a jira, wataƙila ba wanda zai lura, ko a gyara a ɓoye. Kowace sa'a da ta wuce tana ƙara abu biyu: girman ɓarnar, da wahalar bayyana dalilin yin shiru. Washegari ba kuskuren kaɗai za a tambaye ka ba, har da ɓoyewar, ita ce kuma ba a mantawa. Yadda ake faɗa yana da tsari. A fara da abin da ya faru a jimla ɗaya, da "na", ba da "an" ba: "Na tura wa wane takardar albashi bisa kuskure." Sai abin da ya shafa, sai matakin da aka riga aka ɗauka, sai abin da ake bukata daga shugaba. Dalilai su zo daga ƙarshe, idan an tambaya. Wanda ya fara da dalilai, kare kai ake ji yana yi.

A nan shugabanni suna da nasu kason, babba ma kuwa. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a sassan jinya na asibitoci a shekarun 1990, tana zaton sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar su ne suka fi yawa. Da aka zurfafa, aka gane ma'aikatansu sun fi sakin jiki su faɗi kuskure, saura kuwa ɓoyewa suke yi. Harkar jiragen sama ta daɗe da gane haka: tun 1976 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, take karɓar rahoton kurakurai daga matuƙa jirgi da sauran ma'aikata a asirce, ana cire sunan mai rahoto. Shugaban da ya ci mutuncin wanda ya fara kawo masa labarin kuskure ya koya wa sauran duka su yi gum.

Sai ƙananan ƙarairayin da ba a ɗauka a bakin komai: "ina hanya" alhali ba a fito ba, "na kusa gamawa" alhali ba a fara ba, "na turo, ko bai shigo ba?" Ba su da girma, amma da su abokan aiki suke auna sauran maganarka.

Haƙuri ba ya bukatar dogon bayani, sai dai gyara ɗaya. Ana yawan rikita shi da haɗiye magana. Wanda aka ɗora wa aikin wani wata da watanni yana shiru, rana ɗaya zai fashe a kan ƙaramin abu, a ce shi ne mai laifi. Haƙuri shi ne jinkirta martani har fushi ya sauka, sannan a yi maganar. Hadisi ya koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. A zamanin waya sai a ƙara da cewa saƙon da aka rubuta cikin fushi ya kwana kafin a tura shi. Idan za a yi maganar, a keɓe da mutumin, a ambaci abu guda da ya faru da ranar da ya faru, a bar "kullum kai haka kake".

Akan ce hali zanen dutse, amma waɗannan duka abubuwa ne da ake koya da maimaici. Kuskuren masu son gyara shi ne ɗaukar komai a lokaci guda. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya jera halaye goma sha uku, amma ɗaya yake sa wa ido a kowane mako, yana ɗiga alama a jadawali duk daren da ya ga ya gaza, ya zagaye su sau huɗu a shekara. Mako guda dai ya yi kaɗan ga yawancin mutane. Binciken Phillippa Lally a Landan, wanda aka yi da mutum 96, ya nuna sabon abu yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba. Don haka a zaɓi hali guda a ba shi wata biyu zuwa uku.

A kuma mayar da shi aiki takamaimai mai lokacinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa ƙudurin da aka ɗaure da wani yanayi, "idan kaza ya faru zan yi kaza", ya fi ƙuduri na gama-gari cika. "Zan zama mai cika alkawari" ba ya gaya maka abin yi da ƙarfe goma na safiyar Talata. "Idan aka nemi in yi wani aiki, zan buɗe littafina kafin in amsa" yana gaya maka. Da dare a ɗauki minti biyar a duba littafin: me na ce zan yi yau, me na yi, wa ya kamata in sanar kafin in kwanta. Idan aka ga alamar gazawa tana taruwa a wuri ɗaya, misali kullum ga mutum guda ake kasa cewa a'a, ko kullum da yamma ake yin fushi, to sai a sake rubuta ƙudurin ya ambaci wannan mutumin ko wannan lokacin kai tsaye.