Cokali biyu na mai a ƙafar Yari

Kekena na gwanjo ne, irin na hawan dutse, kuma shekara biyu na yi ina sukuwa da shi a duwatsun Shere da ke gabashin Jos ban taɓa tunanin buɗe fok ɗinsa ba, wato shakazoba mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Sarƙa nakan sa mata mai, birki nakan duba, amma shakazoban gaba na ɗauka abu ne da aka rufe tun daga masana'anta, sai dai ranar da ya mutu a jefar. Ƙirar RockShox ne, sunansa Yari. Abokan hawana har tsokanata suke wai na sayo gidan yari na ɗaura wa keke.

A hunturun bara ya fara nuna alama. Ƙananan duwatsun da a da ba na ko jin su, sai ga shi suna dukana har kafaɗa. In na danna kan keken a hankali ba ya motsi, sai na sa ƙarfi ya faɗa gaba ɗaya. Kuma a jikin bututun nan biyu masu santsi da ke shiga suna fita, kullum sai na tarar da wani baƙin zobe na datti.

Wajen wani dattijo mai gyaran babur na fara kai shi, mutumin da ya daɗe yana yi mini aiki. Ya danna, ya saurara, ya ce, “Malam, ai mai ne ya ƙare. Kawo in ɗura masa baƙin mai, yanzu za ka ga ya dawo.” Har ya ɗauko galan. Na ce, “Baba, bari dai in fara bincikawa tukuna.” Ya yi dariya ya ce ɗan boko ba ya rasa bincike. Gaskiyarsa a kan mai, amma da na bar shi da an yi ɓarna. Shakazoban babur mai yake sha da yawa, a kan sifirin na ƙarfe. Nawa kuwa iska ce ke ɗauke da shi a ƙafar hagu, ta dama kuma tana da nata man a rufe wanda ke hana shi zabura. Man da ke ƙasan ƙafafun na shafawa ne kawai, mililita 10 a kowace ƙafa, wato cokalin shayi biyu. In ka cika shi, ba inda bututun zai shiga.

Littafin kamfanin ne ya kunyata ni. Sun ce a buɗe ƙafafun ƙasa a canza wannan man duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara duk awa 200. Fox kuma, abokan gasarsu, awa 125 ko shekara ɗaya suka sa wa nasu babban gyaran. Ni ina yin kamar awa huɗu a mako, ke nan duk wata uku ya kamata in buɗe. Na ninka wa'adin har sau takwas, a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko cikin akwati. Ga kuma wata ɗabi'a da nake da ita: in na dawo da taɓo a damina sai in biya wajen wankin mota a fesa wa keken ruwa mai ƙarfi, har bakin sil, wato robar da ke hana datti shiga ƙafafun fok. Ashe tura ruwa da yashi nake ciki da kuɗina.

Kayan gyaran sai da aka aiko mini daga waje, na jira kusan wata guda: sil biyu na milimita 35, zoben soso biyu, woshoshi, mai 0W-30, ɗan gwangwanin giris da abin danna sil. Sirinji da sifirit kuwa a kemis na saya.

Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a tsakar gida. Na cire taya da birki, na rubuta yawan iskar da ke ciki, sannan na sace ta duka. Wannan ba abin wasa ba ne, ba a kwance fok da iska a ciki. Na cire jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama, na sassauta notocin nan biyu da alanki mai lamba 5, zagaye uku zuwa huɗu ba tare da na fitar da su ba, na buga kowanne da gudumar roba har sandar ciki ta saki. Na ajiye roba a ƙasa don tarar mai.

Daga ƙafar dama ɗigo kaɗan ne ya sauko, launin kunun kanwa, alamar ruwa ya gauraya da shi. Ta hagu ko ɗigo babu. Da na zare ƙafafun na ciro zoben soson, wanda ya kamata a ce fari ne jiƙe da mai, sai na ga ya zama baƙi, ya bushe ƙamas, yana marmashewa tsakanin yatsuna kamar tsohon gawayi. Aikinsa ke nan ya riƙe mai yana shafa wa bututu duk shiga da fita. Nawa ya daɗe da komawa sanfefa. Na goge bututun hagu na kara shi a rana, sai ga wani siririn zane a tsaye, tsawon rabin ɗan yatsa, farce yana maƙalewa a ciki. Nan gabana ya faɗi, don bututun a manne suke da kan fok ɗin, canza su kusan sayen sabo ne.

Abin da masu hawa ke yi na yi. Na goge kaifin zanen da sanfefa mafi laushi a jiƙe, na cike ramin da jan farcen da na roƙa wajen ƙanwar matata, na bar shi ya kwana, na sake gogewa har farce ya daina ji. Dabara ce ta jinkirta ciwo, ba magani ba.

Sauran aikin bai da wuya. Na ɓanɓare tsofaffin sil da bakin sifana, ina lallaɓawa kada in kwarzane mazauninsu, na wanke cikin ƙafafun da sifirit da tsumma a kan sanda. Sabon soso ya sha mai a murfin kwalba, sil ya zauna, na shafa masa giris ta ciki. Wajen mayar da ƙafafun na yi gaggawa, leɓen sil ɗaya ya naɗe ciki, sai da na sake zarewa. Daga nan na karkatar da fok ɗin, na zuba mai da sirinji ta ramin notocin, na sa sababbin woshoshi, na ɗaure ba da ƙarfin tuwo ba. Na busa iska da ƙaramin famfonsa, na hau na zauna, zoben robar da ke jikin bututu ya tsaya a kan kashi 20 cikin ɗari na iyakar nutsewar fok ɗin, inda nake so.

Babban gyaran nan na awa 200, na cikin iska da na ƙafar dama, ban taɓa shi ba. Yana buƙatar filaya ta musamman da natsuwar da ban kai ba tukuna.

Washegari na bi ta shagon Baba. Ya aza tafin hannu ɗaya a kan keken ya danna, fok ya nutse ya dawo shiru. Ya tambaye ni mai nawa na zuba. Na ce cokali biyu kowace ƙafa. Ya dube ni, ya dubi galan ɗinsa, ya ce in zan sake buɗewa in kira shi ya gani da idonsa. Na rubuta ranar a bangon ɗakin ajiya da alli, a ƙarƙashi kuma ina jan layi duk awar da na hau. Yanzu sun kai 31.