Ƙwayoyin Hajiya sun manne

Yau na manta kwalbar maganin man kifin Hajiya a mota, zafin Garwa ya sa ƙwayoyin suka manne kamar alewa. Ƙanena yana ta dariya, ya nuna min bidiyon injin da ke yin su, wallahi na kasa ɗauke ido. Jelatin, wato abin da ake yin ɓawon ƙwayar da shi, ake narkarwa a shimfiɗa shi falle biyu kamar ƙyalle, su bi tsakanin ƙarafa biyu masu ramuka suna juyawa, famfo ya tura man ciki ƙarafan su liƙe su yanke lokaci guda, sai shanya. Tun 1933 fa ake wannan dabarar!

Ni dai abin da ya tsaya min, jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma ban taɓa tambayar wace dabba ba.