Dare uku ina farautar ɗigo ɗaya

Wanda ya gano Astraea, wani dutse da ke kewaya rana a sararin samaniya, ba farfesa ba ne. Karl Ludwig Hencke tsohon ma'aikacin gidan waya ne a garin Driesen, wanda yanzu yake cikin Folan. Shekara 15 ya yi yana duba sama kafin ya dace ranar 8 ga Disamba, 1845. Tun da aka ga Vesta a 1807 ba a sake ganin wani dutsen ba a jerin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mas da Jufita, har masana da yawa sun sallama cewa duwatsu huɗun da aka riga aka gano, har da Vesta, su ke nan.

Da na karanta labarinsa sai na ce bari in gwada ganin dutsen da ɗan madubin hangen nesa nawa. Ni kam an shafa mini hanya, don manhajar taswirar taurari mai suna Stellarium ta nuna mini inda zan duba.

Daren farko na sha kunya. Na zaci zan ga wani abu daban, ashe dutse mai faɗin sama da kilomita 100 ɗigo ne kawai, ba ka bambanta shi da taurarin da ke gefensa. Ido ba ya gane shi, motsi ne ke tona masa asiri. Sai na ɗauko fensir na zana duk ɗigon da na gani, ina haska takardar da jar fitila, don farar tana kashe ido ne.

Kashegari na rantse na kama shi. Ƙarya ce. Madubina yana juya hoto kai ƙasa, ni kuwa na manta, na kwatanta zanen a birkice. Tauraron da na yi wa murna bai je ko'ina ba.

A dare na uku na fara da taurari uku masu haske da suka yi kamar murhu, na daidaita takardar da su, sannan na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta lokaci a gefe. Can ƙasa da murhun akwai gurbi babu kowa, ɗan gaba kaɗan kuma ga baƙon ɗigo a inda zanena ya nuna duhu. Na daɗe ido a manne da madubin har wuyana ya ƙage.

Hencke bai tsaya a nan ba. A 1847 ya ƙara gano Hebe, ita ce nake haƙo yanzu, na ma fere fensir.