Finafinan jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku: inda kunne ya fi ido aiki

Ƙarfin finafinan jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku yana fitowa ne daga rashin taga. Waɗanda ke cikin jirgin ba sa ganin abokan gaba, sai dai su kasa kunne, shi ma mai kallo dole ya kasa nasa tare da su. A ganina babu fim ɗin da ya ci moriyar wannan kamar Das Boot na ƙasar Jamus, wanda Wolfgang Petersen ya ba da umarninsa a 1981. Yayin da jirgin U-96 ke ƙara nutsewa domin tsere wa bama-baman da sojojin ruwan Ingila ke jefowa daga sama, abin da ke tsinka zuciya shi ne kukan ƙarfe saboda nauyin ruwa, da ƙusoshi masu fizgewa daga jikin jirgin, da fuskokin samari da suka jiƙe sharkaf da gumi, kowa ya yi tsit. Petersen bai ji tsoron nuna zaman jira da gajiya da ƙazanta ba, shi ya sa idan tashin hankali ya zo yake ratsa jiki.

Ƙuncin wurin yana kuma tona halin ɗan Adam. A Crimson Tide na 1995, Gene Hackman da Denzel Washington, waɗanda suka fito a matsayin kyaftin ɗin jirgin da mataimakinsa, sun yi ta ja-in-ja kan harba makaman nukiliya bayan saƙon umarni ya katse a tsakiya, kuma babu ƙofar da ɗayansu zai bi ya fice.

Sai dai wannan ƙuncin shi ke taƙaita labarin. Kusan kullum za a nutse a wuce iyaka, ruwa ya ɓarke, a kulle ƙofa a bar wani a ciki, har mai kallo ya haddace. Abin da ya fi damuna shi ne wasa da tarihi. Fim ɗin U-571 na 2000 ya nuna Amurkawa ne suka ƙwato na'urar saƙon sirri ta Enigma daga jirgin Jamusawa, alhali sojojin ruwan Birtaniya ne suka ƙwato ta daga jirgin Jamus U-110 a watan Mayun 1941, tun Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Maganar ta kai har majalisar dokokin Birtaniya, inda Firaministan lokacin, Tony Blair, ya ce cin fuska ne ga sojojin ƙasarsa.