Ruwan Winnipeg da masu tafkin

Cikin abubuwan da suka kwantar mini da hankali da na zo Winnipeg a ƙasar Kanada a 2021, ruwa ne kan gaba. Wanda ya tashi a Kano yana sauraren ƙarar kurar mai ruwa da sassafe ya san darajar famfon da ba ya ɗaukewa. Sanyi kam ya gasa mini aya a hannu, neman aiki ma haka, amma ruwa ko da tsakar dare.

Wata abokiyar karatuna, 'yar ƙabilar Anishinabe, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Kanada, ita ta ja ni gidan adana zane-zane na birnin, inda aka buɗe sabon sashe mai suna Qaumajuq a shekarar. A lokacin ana wani baje koli mai suna Naadohbii, ayyukan masu fasaha 'yan asalin ƙasa daga Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, duk a kan ruwa. Akwai zane, akwai saƙa, akwai bidiyo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da teku ta raba duk suna ɗaukar kogi tamkar ɗan'uwa mai haƙƙi a kansu. Maori ma, 'yan asalin Niyu Zilan, sun yi ta fafutuka har doka ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a 2017.

A hanyar komawa ta tambaye ni ko na san inda ruwan famfona yake fitowa. Daga tafkin Shoal ne, ta magudanar da aka kammala a 1919, mai tsawon kilomita kusan 150. Aikin nan ya datse mutanen Shoal Lake 40, wani garin 'yan Anishinabe a bakin tafkin, daga tudu, garinsu ya koma tsibiri, sai a 2019 suka samu hanyar mota. Su masu tafkin, tun 1997 ake umartarsu da su tafasa ruwa kafin su sha, har zuwa Satumban 2021. Shekara 24 ke nan, birni yana kwankwaɗar ruwansu!

Wallahi abin ya sosa mini rai, domin na san zafin ganin ruwa kusa da kai alhali ba naka ba ne. A al'adar Anishinabe mata ne masu kula da ruwa. Wata dattijuwarsu, marigayiya Josephine Mandamin, ta zagaye babban tafkin Superior da ƙafa a 2003 ɗauke da bokiti. Yanzu duk baƙon da ya sauka daga gida, bayan na raka shi sayen rigar sanyi, wannan gidan zane nake kai shi, in ba shi labarin Shoal Lake 40.